Gwaggo Ta Zo Sau Uku

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Gwaggo ta faɗo a kakar bana, wata Lahadi da hantsi, tana zaune a kan dardumarta bayan sallar walaha. Gwaggon maigidana ce, ƙanwar mahaifinsa, amma duk wanda ya taɓa hawa benen nan namu na unguwar Tremont Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka fi ta furfura.

Kwana uku ƙofarmu ba ta rufu ba. Masu tuƙa tasi suna ajiye mota a bakin titi, su hau da gudu, su yi fatiha a tsaye, su sauka kafin a manna musu takardar tara. Mata sun cika falo har bakin kicin, 'yan Kumasi da shinkafa da wakensu, 'yan Nijar da dambunsu. Abin da na lura da shi, kusan duk wadda ta zauna ta huce sai ta fara da magana guda: ni ma Gwaggo ta zo wurina.

"Ni fa har shago ta same ni," in ji maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, tana share ido da bakin mayafi. "Ta ce, Hajiya, a sunan jikarki na gaya wa mutum biyu dambunki ya yi gishiri, na kuma ƙara da cewa hannunki bai taɓa iya girki ba. Na farkon gaskiya ne, na biyun sharri na yi miki. Ki yafe mini na biyun."

Falo ya ɗauki dariya, ana yi ana kuka. Wata ta ce ita a ƙofar masallaci Gwaggo ta tare ta, a kan wata harara da ta yi mata tun ɗanta na goye, yanzu yana jami'a. Kowa da nasa labarin. Ni ina kicin ina wanke kofunan da na riga na wanke, don kada a juyo a tambaye ni nawa.

Rana ta uku bayan azahar muka ji hayaniya a matakala. Lif ɗinmu ya lalace tun makon da ya wuce, sai ga maza huɗu sun ɗauko wata farar tsohuwa da kujerarta mai taya, suna haki. Bayahudiyar nan ce da Gwaggo ta yi shekara tara tana yi wa aikin kula a gidanta, wadda take kira Tsohuwata. Ta haura casa'in. A cinyarta akwai zagayayyen burodi da dafaffen ƙwai a leda. Aka ajiye ta a tsakiyar mata.

Mu muna jira baƙuwa ta ce mana ya haƙuri, ita kuma ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Sai daga baya na san cewa a wurinsu mai zuwa gaisuwa ba ya fara magana, sai masu rashi sun fara. Haka muka zauna ana kallon kallo, har 'yar Maraɗi ta gaji ta ce da Hausa, "To Iya, sannu da hawa bene." Tsohuwa ta ɗago, ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina ina riƙe da tire. Da Turanci ta yi magana, a hankali.

"Ke ce matar ɗan wanta? Ta same ki ranar Alhamis?"

Na ce bari in kawo mata ruwa, na koma kicin.

Ba ta same ni ba. Ranar Alhamis ɗin, kwana uku kafin rasuwarta, Gwaggo ta zo ƙofata neman gafara karo na uku, ni kuwa na san tana zuwa, na fice daga gidan. Tun da aka ɗauki gawarta ban zauna wuri ɗaya na rabin sa'a ba. Shi ya sa nake wannan rubutu. An hore mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma na daɗe ina juya ko ya halatta in faɗi laifinta. Amma ita da bakinta ta yi ta ƙoƙarin faɗarsa, ni na toshe mata.

Ita ta tarbe ni a filin jirgi ranar da na iso ƙasar nan ina amarya, da wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza, ta rufa mini tun kafin ta amsa gaisuwata. Amaryarmu take ce mini, har 'yata ta fari ta kai tsayina ba ta canza ba. Ita ta koya mini shiga jirgin ƙasa. Ba ta yi boko ba, da ƙirgen tasha take tafiya, tana matsa ƙwayar carbi ɗaya a kowace tsayawa. A da man kaɗanya da turaren wuta take sayarwa a kan tebur a 125th Street, kuma har ta rasu in ta bi ta titin sai ta nuna daidai inda teburinta yake, ta ce nan ne ofishina. Tana da faɗa. Tana shiga kicin ɗin mutum ta buɗe tukunya ba sallama. Amma in aka kwantar da wani a asibiti, ita za a tarar a kan kujerar roba da fulas ɗin kunu.

Ga laifin. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ina da cikin fari wata takwas, likita ya ce in kwanta kada in motsa, jinina ya hau. A lokacin wayar da ake kiranmu daga gida a ɗakin Gwaggo take, hawa ɗaya ƙasa da namu. Yayana ya kira daga Zariya ya ce jikin Innarmu ya yi tsanani, tana son jin muryata. Gwaggo ta ce ina barci. Washegari ya sake kira, aka kanga wa Inna wayar a kunne, suka yi magana da Gwaggo, ta sake cewa ina barci. Rana ta uku Inna ta cika. Gwaggo ta tara mutanen benen, har da maigida, ta rantsar da su kada wanda ya gaya mini sai na sauka lafiya.

Kullum ta hau kawo mini abinci sai in ce, Gwaggo, in an kira ki gaida mini Inna. Sai ta ce, tana amsawa.

Na haihu. Ita ta yi mini wankan jego a bahon wanka na gidan haya, tana dafa ruwa a tukwane uku. Ranar suna aka raɗa wa jaririya sunan Innata, na yi ta murna, ina cewa a kira Zariya a gaya mata an yi mata takwara. Matan da suka cika ɗakin duk sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Washegarin suna aka gaya mini. Inna ta kwana ashirin da shida a ƙasa.

Kowa ya ce Gwaggo ta yi daidai, haka ake yi, ta ceci rai biyu. Wataƙila ma haka ne. Ni ma na ce Allah ya saka da alheri. Ban taɓa ɗaga maganar ba. Na ci gaba da yi mata tuwo, ina yanke mata farce, ina raka ta asibiti. Abu ɗaya ne na kasa: ban sake sa hannu a kwano ɗaya da ita ba. In ta ce zo mu ci, sai in ce na ƙoshi, ko in ɗebi nawa daban. Na ɗauka ba ta lura ba.

Maganar karatun kuwa, aiki ne ya kai ta. Duk shekara in zafi ya fara ja baya, wurin ibadar su Tsohuwa yakan buɗe aji na manya ranar Talata da safe, ana koya musu ma'anar bukukuwansu na kaka: sabuwar shekararsu, da ranar babban azuminsu da suke kira Yom Kifur, da idin rumfuna da ke biye. Gwaggo ce ke tura kujerar. Shekarun farko a bayan aji take zama kusa da ƙofa, tana jan carbi tana gyangyaɗi. Ta ba ni labari cewa wata rana malaminsu, wanda suke ce wa rabai, ya fito da ƙahon rago ya busa. Ta zabura har carbi ya faɗi. Tsofaffin suka yi dariya, malamin ya ce to ga ma'anar nan kun gani da idonku, ana busa shi ne don mai barci ya farka. Gwaggo ta ɗaga hannu da guntun Turancinta ta ce, in ya farka, sai ya yi me? Ya ce ta dawo mako mai zuwa. Daga ranar ta matso da kujerarta gaba.

Ta riƙa dawowa da labari kamar mai dawowa daga kasuwa. Wai suna tsoma tuffa a zuma don shekara ta yi daɗi. "Na ce musu mu dabino muke ci, ba sai an tsoma shi a komai ba." Wai suna zuwa bakin kogi su zazzage aljihu, alamar zubar da zunubi. Wannan bai burge ta ba, ta ce kifi kawai ake ƙosarwa. Amma farin kayan da suke sawa ranar azumi ya tsaya mata a rai, don an gaya musu likkafani yake tunatarwa. Ta ce, "Amaryarmu, mutum ya sa likkafaninsa da ƙafarsa ya je ya tsaya gaban Ubangiji da yunwa. Kin ga haramin alhazai ke nan." Ta ji suna ambaton Annabi Musa, ta yi masa salati a fili, aji ya juyo yana kallonta.

Magana ta fara yawo a masallaci. Maigida ya same ta da ladabi ya ce, "Gwaggo, mutane fa suna faɗin abubuwa."

Ta ce, "Su wa? Kawo sunansu. Shekara nawa ina wanke tsohuwar nan, ina canza mata zane, ina share abin da 'ya'yan cikinta ba sa iya kallo? Ba wanda ya ce komai. Sai da na zauna in ji abin da ke zuciyarta ne addinina zai zube? Alƙiblata tana inda na bar ta, ɗan nan. Ko a can in azahar ta yi, a lungun ajiye riguna nake shimfiɗa ɗankwalina."

Duk da haka ta je ta tambayi liman, don ba ta wasa da sallarta. Ya ce kada ta shiga ibadarsu, sauraro kuwa ta riƙa aunawa da abin da ta sani. Ta ce da ma haka take yi.

Ana ba su takardu a ajin, ita kuma ba ta karatu, sai ta hau wurina da su in karanta in juya mata da Hausa. Ta nan ni ma na shiga makarantar ba tare da na taka ƙofarta ba. Wata la'asar, shekara biyu da suka wuce, ina yanka kuɓewa ta ajiye mini takarda a kan tebur. Na goge hannu na fara. Takardar ta ce azumin ranar nan yana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ba ya goguwa sai ya je ya same shi. Na ce, Gwaggo, wannan ai namu ne, haƙƙin bayi. Ta ce ci gaba. Ta ce kuma ba ya isa mutum ya ce a yafe mini duk abin da na yi, sai ya kama sunan laifin da bakinsa. In an ƙi shi ya koma, in an sake ƙi ya sake komawa, har sau uku.

"Maimaita wurin kama suna."

Na maimaita.

Ta ja takardar ta ninke. Can ta ce, "Mu kuwa a dunƙule muke yi. Azumi ya matso, kowa ya turo saƙo a waya da hoton fure, wai duk wanda na ɓata wa ya yafe. Mutum ɗari a dannawa guda. Wa ka ɓata wa? Da me? Ba ka sani ba, ko ba ka son sani?"

Na yi dariya. Wallahi ban kawo komai a raina ba. A makon ne ta fara bin mutane gida gida.

Ni ce ta ƙarshe a wannan shekarar. Ta shigo ta rufe ƙofar kicin, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan kujerar yara. Mace mai shekara saba'in, ina tsaye tana ƙasa.

"Amaryarmu, na zo a kan maganar Innarki."

Na durƙusa da sauri don kada kaina ya fi nata tsawo, na ce, "Haba Gwaggo, wace magana? Ba ki yi mini komai ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Ban kai ga Allah ba tukuna. Ke na zo wa."

"Ya wuce, Gwaggo. Wallahi ya wuce."

"Kada ki rantse." Ta dafa tebur ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Ɗaya ke nan."

Na yi ta gaya wa kaina kunya ce, babba bai kamata ya ƙasƙantar da kansa gaban yaro ba, haka aka rene mu. Akwai kunyar. Amma yau da nake rubutu a gaban Allah, akwai wani abu kuma. In na bar ta ta faɗa, dole in amsa, in na amsa kuma na saki abin. Ni kuwa shi kaɗai ya rage mini na kwanakin ƙarshen Inna.

Kaka ta sake zagayowa, ta sake zuwa. Wannan karon ba ta zauna ba. Ta ce, "Ki bar ni in kai ƙarshe, ko da ba za ki yafe ba. Ranar da aka kanga wa Innarki waya, ta ba ni saƙo in ba ki. Shekara goma sha uku yana bakina. Na kasa ba ki, don in na ba ki na tona cewa ta neme ki na hana. Ba zan miƙa miki shi ta bayan gida ba, sai na fara faɗin abin da na yi."

Da na yi shiru na minti biyu, da yanzu ina da maganar uwata. Amma abin da na ji shi ne, ashe har da wannan ta riƙe. Wuta ta taso mini. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba na ce, "Gwaggo, don Allah ki ƙyale ni da wannan abu na Yahudawa. Ki je ki yi wa masu dambu. Ni ba aikin makarantarki ba ce."

Ta dube ni. Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Biyu." Ta sauka.

Washegari ta aiko mini da ƙosai kamar ba a yi komai ba, na aika mata da miya. Haka muka ci shekara.

Bana jikinta ya fara ja, ƙafa na kumbura, amma ta ƙi barin aikin, wai wa zai tura Tsohuwata makaranta. Ranar Laraba muka haɗu a matakala, tana hutawa a tsakiya. Ta ce, "Gobe in na taso zan hau wurinki da la'asar. Azuminsu jibi da yamma yake kamawa, ina so in gama kafin nan." Na ce Allah ya kai mu.

Alhamis da azahar na yi salla, na sa hijabi, na shiga jirgi. Ba ni da abin saye. Na sauka a 125th Street na yi ta tafiya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ina taɓa atamfar da ba na so, ina tambayar kuɗin turaren da nake da shi a gida. Na ce wa kaina ba ƙi na yi ba, shiri ne ban yi ba, baɗi zan tsaya. Sai da na tabbata ta gaji ta sauka na koma. 'Yar Maraɗi ta ce ta gan ta zaune a matakalar ƙofarmu wajen awa guda. Hawa ɗaya ne tsakaninmu. Juma'a na aika mata abinci ban leƙa ba, Asabar ma haka.

Bayan addu'ar bakwai na kasa ci, na kasa zama. Na je wurin malamarmu ta Islamiyya, ban ba ta labarin duka ba, na dai tambaya ko yafiya tana isa ga mamaci. Ta ce tana isa, in yafe a zuciyata in yi mata addu'a. Na gwada a sujada. Bakina yana faɗa, ƙirjina yana nan yadda yake. Ranar Talata na ɗauki jaka na hau bas zuwa unguwar su Tsohuwa. Ba zan ɓoye ba, saƙon Inna na je nema. Na ce mutum biyun nan shekara tara suna tare, ba mamaki ta gaya mata.

Sabuwar mai kula da ita ta ce an kai ta makaranta, ta nuna mini hanya. Idin rumfuna ake ciki, an fitar da ajin bayan ginin, cikin wata rumfa ta katako da aka rufa wa rassan itace sama sama, ana hango gajimare ta tsakaninsu. Yara sun rataye 'ya'yan itatuwa na takarda. Na tsaya daga waje da hijabina, tsofaffi kamar goma sha biyar suka juyo. Tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce a ba ni kujerar da ke gefenta. Wurin Gwaggo ne, ba wanda ya zauna a kai tun da aka fara.

Malamin yana bayanin rufin. Ya ce da gangan ake barinsa a buɗe, rumfar da ruwan sama ba ya iya shiga ba ta cika ba. Mutum ya fito daga ginin da yake taƙama da shi ya zauna kwana bakwai a inda iska ke kaɗa shi, don ya tuna ba bango ne ke tsare shi ba. Na ji da rabin kunne.

Da aka tashi shan shayi na matsa kusa da shi na tambaya: in mutum ya zo karo na uku ya tarar da ƙofa a rufe, an ƙirga masa? Ya cire tabarau ya dube ni, na ga ya gane ko ni wace ce. Ya ce a karatunsu wanda ya je sau uku da gaske ya sauke nasa. Na ce, wanda ya rufe ƙofar fa? Ya ce, "Wannan ba ni zan yanke miki ba, kina da malamanki. Amma ita ba ta taɓa kawo ƙararki nan ba. Kullum cewa take laifin ya yi girma ne."

Mutane suka ragu, aka bar ni da Tsohuwa. Na durƙusa a gefen kujerarta na ce, "Mama, ta gaya miki abin da mahaifiyata ta ce?"

Ta kama hannuna da nata mai sanyi. "Ta gaya mini duka. A aji an ce kowa ya gwada abin da zai faɗa a gaban abokin zamansa, don kada baki ya mutu in an je. Ta fara da Turanci ta kasa, ta ce abin ba ya shiga Turanci. Na ce to yi da naku. Ranar Laraba sau uku ta yi mini shi a ɗakina, daga farko har ƙarshe. Akwai wurin da take canza murya, ta yi ƙasa da ita, na san maganar wata take ɗaukowa. A nan take kuka." Ta matse yatsuna. "'Yata, ban ji ko kalma ɗaya ba."

Na ce ko sauti guda, ko farkon kalma. Ta rufe ido ta yi ƙoƙari, leɓenta na motsi. Ta buɗe ta girgiza kai.

Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasan rumfar nan ba. Yayana ya riga ya gaya mini tun tuni cewa shi ya kanga wayar ya fita kiran mai allura, bai ji komai ba. Mutum biyu ne suka san saƙon, yanzu duk suna ƙasa, ɗaya a Zariya ɗaya a New Jersey. Na jira fushin ya taso kamar yadda ya saba. Abin da ya zo mini shi ne Gwaggo a matakalarmu da kumburarriyar ƙafa, ta haddace maganarta tsaf, tana jin motsin kowa a benen ban da nawa.

Na ce wa Tsohuwa, "Zan yi magana da yarenmu." Ta ce, "Na saba."

Na ce: Gwaggo, Innata ta neme ni sau biyu kin ce ina barci. Ta rasu kin ce tana amsawa. Kin bar ni na yi guɗa a ɗakin da kowa ke makoki. Kin riƙe saƙonta har kin tafi da shi. Wannan ne abin da kika yi mini, kuma ya yi mini ciwo kullum. Na yafe miki, duniya da lahira, ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwa ba ta saki hannuna ba sai da na yi shiru. Ta ce, "Nata ya fi naki tsawo." Na ce na sani.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabarinta, ya sa kada a tsayar da ita a kan komai nawa. Ya haɗa ta da Innata a inda babu mai ɓoye wa wani labari. Ku da kuka karanta, in kun yi mata addu'a ku sa ni a ciki, don nata ta kai ƙarshe, nawa ne ya rage. Na ce mata ta ƙyale ni, na bar ta a matakala, na kwana biyu ban sauka hawa ɗaya ba. Na san sunan kowanne, kuma ba ƙofar da zan je in buga.